Yadda Kantin Gama Kai Zai Tara Kuɗin Ciyar da Mabuƙata Kafin Marka

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan kanta yana auna hatsi a garin Gombe ya san cewa yunwa tana da watanninta, kuma mai awo yakan riga kowa ganin alamarta. A Nuwamba da Disamba, lokacin da manyan motoci ke sauke masara da dawa da wake a kasuwar Tudun Hatsi, matar da ta saba zuwa kanti takan ce a zuba mata mudu biyar ba tare da ta tsaya dogon lissafi ba. Da zarar an shiga Yuli, shuka ta yi kore amma ba ta nuna ba, ita ɗin ce za ta dawo mudu ɗaya, daga nan rabin mudu, har a wayi gari ta daina zuwa da kanta, sai ta aiko yaro da saƙon a taimaka a rubuta bashi. Na yi shekaru ina riƙe da littafin kuɗi na wata ƙungiyar gama kai mai kantin kayan masarufi a cikin gari, kuma abin da zan bayyana shi ne yadda irin wannan kanti zai tara kuɗi daga membobinsa da abokan cinikinsa, ya sayi abinci da kaka yana araha, ya kai shi gidajen da suka fi buƙata a lokacin da rumbuna suka ƙare.

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya hau kan kowane buhu, kuma a tsakiyar 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Farashi yakan sauka ya kuma hau, amma gidan da maigida ya rasu, ko ya kwanta jinya, ko aikin ƙarfin da yake yi ya tsaya saboda ruwan sama, ba ya ganin sauƙin da ake faɗa a rediyo. Ƙungiyar gama kai tana da abubuwan da mai taimako shi kaɗai ba shi da su, domin tana sari, tana da sito da sikeli da mudu, tana da littafi da mai binciken littafi, sannan membobinta mazauna unguwannin ne, sun san gidan da aka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba. Aikin kuma ba baƙo ba ne a tsarin gama kai. Kantin da ake ɗauka a matsayin tushen ƙungiyoyin zamani, wanda mutum 28 suka buɗe a garin Rochdale na Ingila a 1844, kantin abinci ne, kuma cikin ƙa'idoji bakwai da ƙawancen ƙungiyoyin gama kai na duniya ya amince da su a 1995, ta bakwai ita ce kula da al'ummar da ake zaune a cikinta.

A fara daga cikin gida

Kada a nemi ko sisin kwabo daga waje kafin a kai maganar gaban babban taron membobi. A wurin ne za a yanke, a kuma rubuta cikin littafin taro, cewa an buɗe asusun abinci, ga manufarsa, ga unguwannin da zai shafa, ga waɗanda za su riƙe shi. Idan ana son a ɗebi wani kaso daga ribar kanti a zuba a ciki, sai a duba dokokin ƙungiya tukuna, a kuma tuntuɓi ofishin Daraktan ƙungiyoyin gama kai na jiha, saboda dokar ƙungiyoyin gama kai ta Najeriya ta 1993 ta tanadi a ware kason asusun ajiya kafin a taɓa riba. Ƙungiyar da ba ta yi rajista ba ta fara da wannan, tunda mutum goma sun isa a yi rajistar ƙaramar ƙungiya, kuma da takardar rajista ne banki zai buɗe asusu da sunan ƙungiya maimakon sunan wani mutum.

A naɗa kwamiti na mutum biyar, aƙalla biyu daga ciki mata, domin su ne suke shiga cikin gidaje suna ganin abin da maza ba sa gani daga ƙofar zaure. A buɗe asusun banki na daban wanda ba shi da haɗi da na ciniki, mutum uku su zama masu sa hannu, kuɗi kada ya fita sai da hannun biyu daga cikinsu, sannan saƙon shiga da fitar kuɗi ya riƙa zuwa wayar fiye da mutum ɗaya. Wanda ke karɓar kuɗi a kanta kada ya zama shi ne mai ajiya, mai ajiya kuma kada ya zama shi ne mai zaɓen waɗanda za a ba abinci. Wannan ba zargin kowa ba ne, kariya ce ga mutanen kirkin da suka ɗauki nauyin, domin ranar da magana ta tashi, tsarin ne zai wanke su.

Na san zafin rashin wannan rabuwa da kaina. A shekarar da muka fara, canjin da masu saye ke bari don asusun abinci muna zuba shi cikin aljihun teburin da kuɗin ciniki yake, da niyyar za mu ware a ƙarshen wata. Da aka zo taro, wani dattijo daga cikin membobi ya miƙe ya ce da ni: "Malam sakatare, nawa ne na marayu a cikin wannan kuɗi, nawa ne namu?" Ban da amsar da zan iya rantsewa a kanta. Babu wanda ya ci ko kwabo, amma sai da muka yi wata biyu mutane suna karɓar canjinsu cif, kuma ban ga laifinsu ba.

Bayan haka, membobi su fara zubawa kafin a juya ga abokan ciniki, tunda da ruwan ciki ake jan na rijiya. A tsayar da ɗan abin da kowa zai iya biya duk wata ba tare da ya ji a jikinsa ba, a riƙa karɓa tare da kuɗin wata, kamar zubin adashe. Wanda yake noma zai iya biya da hatsi.

Kafin a faɗa wa kowa cewa ana tara kuɗi, a san abin da ake nema da mudu da buhu. Mutane sun fi sakin hannu idan aka ce musu ana neman abin da zai riƙe gidaje arba'in na wata uku fiye da a ce ana neman taimakon talakawa. Misali, idan aka tsayar da gidaje 40, kowane gida mudu 12 na hatsi da mudu 3 na wake duk wata, daga Yuni zuwa Agusta, za a buƙaci mudu 1,440 na hatsi da 360 na wake. A ɗauki buhu ɗaya a auna shi da mudun kantinku a ga nawa yake ci, domin mudu ba ɗaya ba ne a kowace kasuwa, cikon buhu ma ya danganta da hannun mai cikawa. A kan kuɗin hatsin sai a ɗora na buhunan ajiya, da na mota, da na 'yan dako, a kuma ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda gobara ko ambaliya ko rasuwar da za ta jefa wani gida cikin jerin ba zato. Shawarata ita ce a fara da adadin da ake da tabbacin za a iya riƙewa har ƙarshen damina, domin gara gidaje ashirin su samu sau uku da a yi wa gidaje ɗari alkawari a ba su sau ɗaya.

Canjin mai saye

Hanyar da ta fi dacewa da kanti ita ce ta canji. A Amurka, kantunan abinci na gama kai da yawa sukan tambayi mai saye a wajen biya ko yana so a cika kuɗinsa zuwa dala ta gaba, ɗan abin da ya hau kai ya tafi ga wata ƙungiyar ciyar da mabuƙata. A wajenmu abin ya fi sauƙin shiga, saboda ƙananan kuɗi sun yi wuya, naira goma da ashirin da hamsin kullum rigima ce, har an saba a cika wa mutum da alawa ko ashana ko dunƙulen magi. Maimakon haka, mai kanti ya ce: "Hajiya, kina da canjin naira hamsin. A ba ki, ko a sa miki a asusun abincin marka?" Tambayar ke nan, sau ɗaya, da murya ƙasa-ƙasa. Idan ta ce a ba ta, a miƙa mata da fuskar da za a yi mata godiya da ita in da ta bari.

Akwai waɗanda ba a tambaya ko kaɗan. Ba a tambayar yaron da aka aiko, domin canjin ba nasa ba ne, kuma gida za a tuhume shi. Ba a tambayar wanda ya zo karɓar bashi, ko wadda aka ga tana rage kaya daga kan kanta saboda kuɗinta bai kai ba. Ma'aikacin kanti yana bukatar a zaunar da shi a koya masa wannan, kuma kada a taɓa ɗora masa adadin da dole ya tara, domin ranar da aka yi haka sadaka ta koma haraji a idon mutane.

A ajiye akwati mai kwaɗo biyu a kan kanta, makullan suna hannun mutum biyu daban, mai saye ya jefa kuɗin da hannunsa. Idan canjin babu shi a hannu, sai a rubuta a ƙaramin littafi na daban, a cire jimillar daga kuɗin ciniki a ranar kafin a rufe kanti, a zuba a akwatin a gaban shaida. Masu biya da kati ko tura kuɗi ta waya su ma a rubuta nasu a layi na daban, a mayar da shi asusun abinci a ranar, kada a bari ya kwana. A sa rana ɗaya a mako da za a buɗe akwati a ƙirga a gaban mutum uku, su sa hannu, washegari a kai banki. Abin yana kama da ƙarami, amma idan mutum 120 suka bar naira 50 a rana, naira 6,000 ke nan, cikin kwanakin kasuwa 26 an tara naira 156,000. A samu allo a bakin ƙofa a riƙa rubuta jimillar kowane mako da alli, tare da adadin buhunan da ake nema da waɗanda aka samu. Mun lura cewa allon ya fi duk wani roƙo tasiri, domin mutum yana ganin naira hamsin ɗinsa ta shiga lissafi.

Ba kowa ne ke da kuɗi a hannu ba, don haka a ajiye durom mai murfi a gefe, wanda ya sayi mudu goma ya ga dama ya ce a juye ɗaya a ciki. Da kaka kuma a bi membobi manoma, na wajen Kumo da Dukku da Deba da sauransu, kowa ya ware dami ko rabin buhu tun daga masussuka, masu noman rani a Dadin Kowa su kawo shinkafa a lokacinsu. Manyan 'yan kasuwar da kanti ke sari a wajensu, a je musu da takarda mai ɗauke da sa hannun shugaba, a roƙe su buhu maimakon kuɗi, tunda shi ya fi musu sauƙin bayarwa, a kuma ba su rasit. 'Yan unguwa da ke aiki a Abuja ko Legas ko ƙasashen waje a tura musu lambar asusun ƙungiya ta WhatsApp tare da hoton allon, ba lambar asusun wani mutum ba, ko da shi ne shugaba.

Ɗan siyasa idan ya kawo gudummawa a karɓa kamar ta kowa, a rubuta, a yi godiya, da sharaɗin babu hotonsa a jikin buhu, babu kuma jerin sunayen da zai turo. Idan bai yarda ba a bar masa kayansa cikin mutunci. Haka kuma a guji sayar da tikitin da za a yi ƙuri'a wani ya ci kyauta, domin mutane da yawa caca suke ɗaukarsa, kuma zai ɓata wa asusun suna.

Zakka daban, sadaka daban

Da azumi hannu ya fi buɗewa, kuma a 'yan shekarun nan azumin yana faɗowa ne tsakanin Fabrairu da Afrilu, watanni kafin yunwar damina ta kankama. A faɗa wa mai bayarwa gaskiya tun farko cewa kuɗin nan na marka ne. Wanda ya ce nasa na buɗa-baki ne, a yi buɗa-baki da shi, kada a juya masa niyya.

Zakka kuwa tana da hukunce-hukuncen da ba a wasa da su. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade rukuni takwas na waɗanda ake ba wa. Hatsin da ya kai nisabin wusƙi biyar (wusƙi ma'aunin hatsi ne a shari'a) ana fitar da ɗaya cikin goma idan ruwan sama ne ya shayar da shi, ɗaya cikin ashirin idan da wahala aka yi ban ruwa, zakkar kono kuma ana so ta isa hannun mabuƙaci kafin a tafi Idi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a zuba a akwatin canji a ce sai Yuli. A ganina sabon asusu kada ya karɓi zakka a shekararsa ta farko, a tura mai ita ga malamai ko hukumomin da aka sani da wannan aiki. Idan daga baya aka ga za a iya, sai a buɗe mata littafi nata, a sa malami masani a kai. Ita sadakar canji da ta durom ta kowa ce, kuma ga kowa za ta tafi. Gombe gari ne na Musulmi da Kirista, kantinmu duka suna saye a cikinsa, kuma membobi Kirista sukan kawo nasu daga abin da suka ware na godiyar kaka ko na Kirsimeti. Maƙwabci mai jin yunwa ba a tambayarsa inda yake ibada kafin a auna masa.

Saye da ajiya

A nan ne ƙungiyar gama kai take ninka amfanin kuɗin da aka ba ta, a nan ne kuma take iya yin asarar shekara guda cikin 'yan makonni. A sayi hatsi tsakanin Nuwamba da Janairu, lokacin da ya cika kasuwa kuma iskar hunturu ta gama busar da shi. Wannan yana nufin a shekarar farko kuɗin da aka tara daga damina zuwa kaka shi zai ciyar da damina mai zuwa, sai a yi haƙuri da wannan tazara, a kuma bayyana wa membobi dalilinta. Mutum biyu daga kwamiti su je kasuwa tare, su ji farashi a wuri uku su rubuta kafin su saya. Idan daga sarin kantin ƙungiya za a ɗauka, a ɗauka a kuɗin da aka saro, kanti kada ya ci ribar kwabo a kan abincin marayu.

Kada a yarda da busar da aka gani da ido kawai. A soka buhu daga tsakiya da ƙasa, a ciji ƙwayar a ji ta fashe da ƙara. Gwajin da ya fi wannan shi ne na gishiri: a samu busasshiyar kwalba, a zuba hatsi kamar kashi ɗaya cikin uku, a ƙara busasshen gishiri cokali biyu ko uku, a rufe a girgiza, a bar ta ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin yana da sauran laima, sai a sake shanya shi a kan tamfol. Masara da gyaɗa masu laima suna yin funfuna, funfunar kuma tana haifar da gubar da ke lalata hanta da hana yara girma, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Duk buhun da aka ga ya yi kore-kore ko yana warin ruma a ware shi, kada a ce ai kyauta za a bayar.

Wake shi ne ya fi saurin cin ƙwari. Hanya mafi aminci ita ce buhu mai ciki uku, wanda ake kira PICS, da masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da abokan aikinsu na Afirka. Yana da leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. A duba ledojin kada a samu huda, a zuba waken, a matse iska, a murɗa bakin ledar ciki a ɗaure ta ita kaɗai, sannan ta biyu, sannan buhun waje. Iska tana ƙarewa a ciki, ƙwarin su mutu ba tare da an sa magani ba, muddin ba a riƙa buɗewa ana leƙawa ba. Durom ɗin ƙarfe ko jarka mai murfi da ke rufuwa ruf su ma suna yin wannan aiki idan aka cika su taf. Abin da ba za a yi ba shi ne yayyafa maganin feshi irin su Sniper a kan abinci. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kai, kuma yawan irin wannan guba ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Ƙwayar maganin hatsin nan mai fitar da iska ita ma kada a sa ta a ɗakin da mutane ke kwana ko kusa da shi, domin iskarta tana kisa.

A jera buhunan a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango, a toshe ramukan ɓera, a duba rufin tun kafin ruwan farko. A yi musu lamba da fenti, a ware su daga kayan sayarwa, makullin siton ma ya zama biyu. Sannan a sanar da mai unguwa a rubuce cewa ga buhu kaza an ajiye don rabon damina, domin a lokacin tsada duk wanda aka ga yana da hatsi a kulle ana iya ɗaukarsa mai ɓoye abinci.

Waɗanda za a ba, da yadda za a ba su

Zaɓen gidaje ya fi tara kuɗi wuya. A rubuta ma'auni tun kafin a ambaci sunan kowa: gidan marayu da ba shi da mai ɗaukar nauyi, tsofaffin da ba su da mai kula da su, mai jinya mai tsawo, naƙasasshen da ba ya iya nema, da waɗanda rikici ko ambaliya ta raba da gidajensu. A nemi sunaye daga mai unguwa da liman da fasto da ungozoma, kowa daban, sannan matan kwamiti su shiga gidajen su gani da idonsu. Sau da yawa wanda ya fi buƙata ba ya cikin jerin kowa, domin kunya ta hana shi faɗa, sai maƙwabciya ce za ta ce a leƙa gidan wance. Ɗan kwamitin da danginsa ya shigo cikin magana ya fita daga ɗakin har a gama yanke hukunci. Jerin sunayen kuma amana ne, ya zauna a hannun mutum biyu, kada ya shiga WhatsApp.

Kada a yi shelar rana da wurin rabo. A watan Maris na 2024 an rasa rayuka a Bauchi cikin turmutsutsin rabon zakka, a Disambar shekarar kuma mutane da dama sun mutu a Ibadan da Okija da Abuja wajen taron rabon abinci da kyaututtuka. Masu bayarwar da niyyar alheri suka fito, amma taron masu jin yunwa a ƙofa ɗaya ba ya tsaruwa. Kanti yana da mafita a hannunsa. A ba kowane gida kati mai lamba, ba suna, a ce su zo duk ranar da suka ga dama cikin makon farko na wata, su miƙa katin a kanta kamar yadda kowa ke miƙa kuɗi, a auna musu a huda katin. Na ga wata tsohuwa ta zo da jikarta, ta tsaya a layi tsakanin masu saye biyu, yaron kanti ya karɓi katin ya ce: "Inna, masara za a sa ko dawa?" Ta zaɓi dawa, aka ɗaure mata, ta fita babu wanda ya san ba saye ta yi ba. Waɗanda ba sa iya fitowa a kai musu bayan magariba a Keke Napep. Kada a ɗauki hoton fuskar kowa, ko da masu bayarwa sun nema, hoton buhuna da na littafi ya isa shaida.

Idan aka shiga gida aka ga yaro ya rame, gashinsa ya yi ja, ko ƙafafunsa sun kumbura, wannan tamowa ce, kuma mudun masara ba zai warkar da ita ba. A raka uwar asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, inda ake auna damtsen yara 'yan wata 6 zuwa 59 da tsiri mai launi. Wanda awonsa ya gaza santimita 11.5 yana cikin ja, yana bukatar magani da abincin asibiti na musamman. Ga sauran gidajen masu ƙananan yara da masu ciki, yana da kyau a haɗa musu da waken suya da gyaɗa, a nuna musu yadda ake soya su sama-sama a niƙa tare da gero ko dawa a yi kunu da garin.

Da an gama rabon ƙarshe a watan Agusta ko farkon Satumba, a zauna a rufe littafi kafin sabon hatsi ya shigo. A fitar da rahoto na shafi ɗaya da Hausa: abin da ya shigo daga canji, daga membobi, daga 'yan kasuwa, buhunan da aka saya da farashinsu, kuɗin mota da na dako, adadin gidajen da suka samu, da abin da ya rage a banki da sito. Idan buhu ya lalace a rubuta ya lalace, a faɗi dalili. A nemi mutum biyu daga cikin membobi waɗanda ba sa kwamiti su bi rasit ɗaya bayan ɗaya, su gwada da takardar banki, su ƙirga katunan da aka huda, sannan su sa hannu. A karanta rahoton a babban taro, a liƙa shi kusa da allon bakin ƙofa, a aika wa duk wanda ya ba da buhu ko ya turo kuɗi daga nesa. A wannan taron ne za a sauya mutum biyu daga cikin kwamiti, a sake duba jerin gidajen a cire waɗanda suka farfaɗo, a tsayar da adadin shekara mai zuwa, sannan a sa ranar da za a fara zuwa Tudun Hatsi jin farashi.